Turbo ne ya kamata ya zo a ƙarshe

Tun da fim ɗin The Fast and the Furious ya fito a 2001, da Toyota Supra ɗin nan mai ruwan lemo, sha'awar ƙara wa motar gudu ƙarfi ta bazu a tsakanin matasa daga Amurka har Japan. Yanzu kuma YouTube da TikTok sun ƙara rura wutar. Za ka ga saurayi ya kwance kwali, ya fito da turbo yana sheƙi, bayan minti goma na bidiyo mota tana huci a kan titi. Ina son wannan harka, ina kuma girmama masu yin ta da hannunsu. Abin da ke damuna shi ne yadda ake nuna ta kamar sayen ƙarfe guda ne a ɗaura da noti. Ra'ayina shi ne turbo ne abu na ƙarshe da ya kamata mutum ya saya, kuma wanda bai da kuɗin abin da zai biyo baya, to bai da kuɗin turbo.

Aikin turbo irin na zugazugin maƙeri ne. Hayaƙin da ke fita daga inji shi ke juya wata 'yar farfela, ita kuma ta juya 'yar'uwarta da ke cusa iska cikin silinda. Iska ta ƙaru, a ƙara mai, wuta ta ƙaru, ƙarfi ya ƙaru. Wani injiniya ɗan Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar dabarar tun 1905. Amma farfelar nan tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti guda, cikin hayaƙin da zafinsa kan kusanci digiri 900. Iskar da aka matsa kuma zafi take yi, iska mai zafi kuwa tana sa mai ya kama da wuta kafin lokacinsa, ya daki fistin yana kan hanyar hawa. Nan ne inji ke mutuwa.

Ko manyan kamfanoni sun sha wuya a kan wannan. A 1962 kamfanin General Motors ya fitar da Oldsmobile Jetfire, ɗaya daga cikin motocin hawa na farko da suka zo da turbo. Don kada injin ya ƙone, sai da aka yi masa wani ƙaramin tanki na ruwa gauraye da sinadarin metanol da ake fesawa cikin iskar. Masu motar suka riƙa mantawa da cika tankin, ƙorafi ya yi yawa, aka daina ƙera ta bayan 1963, aka kuma cire wa da yawa turbo aka sa musu kafireto irin na yau da kullum. Kamfani ne mai ɗaruruwan injiniyoyi, amma ya gina mota a kan tsammanin mai ita ba zai yi sakaci ba.

Misalin da ya fi koyar da ni shi ne Mazda MX-5, wadda Amurkawa ke kira Miata. Ta fito a 1989 da inji mai lita 1.6 da ƙarfin doki 116, nauyinta bai kai tan guda ba, kuma a 2016 aka ƙera ta miliyan ɗaya. Da wuya a sami motar da aka fi ɗora wa turbo a garejin gida kamarta, har akwai kamfani a jihar Kolorado, Flyin' Miata, da ya yi suna a wannan sana'a. To amma da Mazda da kanta ta tashi sa mata turbo a 2004, daga doki 142 zuwa 178 kawai ta kai ta. Kuma don wannan ƙarin na doki 36 sai da ta rage matsin injin, ta ƙarfafa kuloci da giya, ta ƙara girman lagireto, ta canza shokozoba da tayoyi. Wanda ya ƙera motar ya taka a hankali haka, sai mai gareji ya ce zai ninka ƙarfinta da kwali guda?

Haka Toyota 86 da tagwayenta Subaru BRZ, da suka fito a 2012 da doki 200. Shekara da shekaru masoyansu suna roƙon turbo. Injin kuwa an gina shi da matsi mai yawa, 12.5 a kan 1, irin wanda ba ya jure iska mai nauyi sai da kyakkyawan mai da saiti na ƙwararre. Da aka sabunta motar, sai aka ƙara girman injin zuwa lita 2.4, ba a sa turbo ba. Supra da ake kafa hujja da ita kuwa, injinta 2JZ-GTE daga masana'anta ya fito da gangar jiki ta baƙin ƙarfe da aka yi don ɗaukar wannan nauyi. Ba kowace mota aka haifa haka ba.

Ga inda kuɗin yake. Cikakken kayan turbo mai inganci na irin waɗannan motoci dubban daloli ne. Akwai na 'yan ɗaruruwa a intanet, amma araha ba ta ado, kuma farfelar da ta tarwatse cikin inji take zubar da ɓaraguzanta. Bayan turbo ɗin kansa, ana buƙatar na'urar sanyaya iska, da manyan nozul, da famfon mai da zai iya ciyar da su, da sabon salansa. Ana buƙatar kwamfutar inji da za a iya saitawa, da mai saitin da zai ɗora motar a kan na'urar gwaji ya bi ta daki-daki, kuma awa-awa ake biyansa. Kulocin asali zai fara zamewa. Lagireto zai gaza. Idan aka zarce abin da kwanrod da fistin za su ɗauka, sai an buɗe injin gaba ɗaya an sa masu ƙarfi. Sannan baƙin mai mai tsada da ake juyewa da wuri, da fetur da motar za ta riƙa sha duk sanda aka taka totur. A Jamus sai hukumar gwaji ta amince da canjin, a Kaliforniya kayan sai sun cika sharaɗin hayaƙi, a Ingila kuma wanda ya ɓoye wa kamfanin inshora gyaran da ya yi yana iya rasa haƙƙinsa ranar haɗari.

Masu goyon baya za su ce ai daɗin abin shi ne ka yi da hannunka, kuma ya fi sayen Porsche sauƙi. Gaskiya ne, kuma da yawan ƙwararrun makanikai ta nan suka koyi aiki. Amma waɗanda suka dore a harkar tsari suke bi. Suna fara auna lafiyar injin, su toshe duk wani yoyo. Sai birki da taya, sai sanyaya inji, sai mai da kwamfuta. Suna yanke adadin dokin da suke so tun kafin su kashe sisi, su tsaya a kai. Suna ajiye kuɗin da zai iya sayen wani inji, kuma suna da wata motar zuwa aiki.

Ga matasanmu da abin ya fara burgewa, lissafin ya fi haka tsanani. Waɗancan bidiyoyi an ɗauke su ne inda ake zaɓar fetur mai daraja a famfo. Mu galibi iri ɗaya ake sayar mana, kuma ba mu manta da gurɓataccen man da ya lalata motoci a Najeriya a watan Fabrairun 2022 ba. Zafin Kano da Sakkwato a watan Afrilu yana haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke cin farfela. Saitin da aka sauko da shi daga intanet bai san da wannan ba.

Ɗan'uwa, idan zuciyarka na kan wannan aiki, ka rubuta duk abin da na lissafa a takarda, ka sa farashi a gaban kowanne, ka nemi bakanike da ya taɓa yi ka ga aikinsa da idonka. In kuɗin bai kai ba, ka sa birki da taya masu kyau ka koyi tuƙi, ka jira. In kuma ya kai, ka gwada ƙarfin a filin da aka keɓe don tsere. Titin gari na 'yan makaranta ne da masu Keke Napep da iyayenmu, kuma babu dokin inji da ya kai ran mutum guda.