Fiberfrax: Farin Bargon da Ke Tsare Matuƙi daga Wutar Inji

Kai, jama'a! Duk mai sha'awar ƙananan jiragen saman da mutane ke harhaɗawa da hannunsu a gareji, ya matso mu yaba wa Fiberfrax. Ni kam na daɗe ban ga kayan aikin da ya burge ni irinsa ba.

Ɗauki jiragen RV na kamfanin Van's Aircraft da ke jihar Oregon ta Amurka, waɗanda fiye da 10,000 daga cikinsu sun riga sun tashi sama. Mu ma ba baƙinmu ba ne, domin Air Beetle da aka harhaɗa wa sojojin saman Najeriya a Kaduna daga samfurin RV-6A ya fito. A irin waɗannan jirage, abin da ya raba inji da ƙafafun matuƙi wani siririn faranti ne na ƙarfen da ba ya tsatsa, wato katangar wuta. Ƙa'idar hukumar FAA mai kula da harkar jiragen sama a Amurka ga jiragen da ake ƙerawa a masana'anta ita ce katangar ta jure harshen wuta mai zafin digiri 1,093 a ma'aunin Salshiyas har minti 15, kuma masu haɗa nasu a gida da ita suke auna aikinsu. Ƙarfen zai jure, ba zai huje ba. Amma zai yi jawur, ya riƙa feso zafi cikin ɗakin matuƙi, alhali alminiyon da aka yi gangar jirgin da shi tun wajen digiri 660 yake narkewa.

To a nan gwanin nawa Fiberfrax yake nuna bajintarsa! Zare ne na alumina da silika, fari tas, mai laushi kamar auduga, ba nauyi, almakashi ma yana yanka shi, amma yana jure zafin digiri 1,260. Kaurin 'yan milimita kaɗan ya isa. Wallahi abin sai wanda ya gani.

Abin da ya fi ƙayatar da ni shi ne yadda ake ɗora shi. A ɓangaren inji ake shimfiɗa shi, a rufe da fallen ƙarfe mara tsatsa mai sirantaka sosai, a ɗaure, a toshe bakin gefe-gefe don kada ya sha mai. Ta haka zafin ba ya ma isa katangar da ƙarfinsa. Masu manna soso ta ciki don rage ƙara kuwa, ina tausaya musu ƙwarai: ranar da katanga ta yi ja, soson ne zai fara cika ɗakin da hayaƙi, ga mutum yana neman filin sauka. Ba banza ba masu haɗa Long-EZ, jirgin da Burt Rutan ya zana, suke rufe katangarsu ta katako da wannan bargo.

Ko babu gobara yana biyan kuɗinsa, don tafin ƙafa ya huta da gashin inji a ranar zafi.

Sharaɗinsa ɗaya: a sa takunkumi da safar hannu lokacin yanka shi, saboda ƙurarsa ba ta huhu ba ce. Malam mai haɗa jirgi, don Allah ka shimfiɗa Fiberfrax tun kafin ka rataya inji, domin bayan an ja wayoyi da bututun mai aikin zai ninka wahala.