Kilo 80 da Suka Dawo Mana da Daɗin Tseren Babura

Duk wanda ya kalli tsere na biyu da aka yi a filin Portimao na ƙasar Fotugal a watan Oktoba na 2023, ba zai manta da shi ba har tsufansa. Ni a waya na kalle shi, a shagon wani abokina bakaniken babura. Mu huɗu muka haɗa kai a kan ɗan gilashin, mai shagon kuwa sifana na hannunsa amma ya manta da aikin da zai yi da ita. Toprak Razgatlioglu, ɗan Turkiyya, yana kan Yamaha. Alvaro Bautista, ɗan Sifaniya, yana kan jar Ducati. Sama da sau 30 wannan ya wuce wancan, wancan ya wuce wannan. Duk kwanar da aka zo, Toprak zai jinkirta taka birki har sai ka ce ya makara, tayar bayansa ta ɗaga sama, ya cusa kai ta ciki ya shige gaba. Ana fitowa miƙaƙƙiyar hanya kuma sai Bautista ya lafe a bayan gilashin babur ɗinsa, ya murɗa totur, ya wuce shi fuu kamar an harba kibiya. Haka aka yi ta yi har kwanar ƙarshe ta zagayen ƙarshe, inda Bautista ya sake wucewa ya ci da tazarar da ba ta kai ƙiftawar ido ba.

Abokina ya ajiye sifanar, ya ce, "Malam, yaron nan ya fi shi iya tuƙi, nauyi ne ya kayar da shi." Ban yarda da shi ɗari bisa ɗari ba a ranar, domin injin Ducati Panigale V4 R ba sa'an kowa ba ne a lokacin, kuma Bautista gwani ne tun fil azal, shi ne zakaran duniya na ƙananan babura masu cc 125 a 2006. Amma maganar ta zauna mini a rai. Bautista ɗan firit ne, nauyinsa bai wuce kilo 60 da ɗan wani abu ba. Toprak kuwa dogo ne, ya ba shi tsawo da yawa, ya kuma fi shi nauyi. A gasar manyan babura ta duniya, wato WorldSBK, wadda aka fara tun 1988, doka ta ce babur kada ya gaza kilo 168. Mahayi kuwa a lokacin babu ruwan doka da shi. A shekarar 2023 ɗin nan Bautista ya ci tsere 27 cikin 36. Ashirin da bakwai! Tun kafin a ɗaga tuta ka san wanda za a yi wa tafi.

Sai aka shigo da sabuwar doka a kakar 2024, kuma wallahi ban taɓa murna da wata doka a wasa kamar yadda na yi da wannan ba. An tsayar da ma'auni: kilo 80 ga mahayi, a auna shi da rigarsa ta fata da hular kwano da takalma da safar hannu, duk kayan da zai hau da su. Wanda bai kai ba, za a ɗauki rabin abin da ya rage a ɗaura wa babur ɗinsa. Idan sikeli ya nuna kilo 68, saura 12 ke nan, sai a ƙara wa babur kilo 6. Kusan abin da ya faɗa wa Bautista ke nan. Wannan rabin shi ne abin da ya fi burge ni. Ba a ce a cike giɓin gaba ɗaya ba, domin an san mai ƙaramin jiki shi ma yana da nasa wahalar. An raba gardama ne, aka ce kowa ya ɗan sakko.

Wanda bai san babur ba zai ce kilo 6 me zai yi? Ka tambayi ɗan acaɓa. Ya san yadda babur ke tashi idan ya ɗauko yarinya 'yar makaranta, ya san yadda yake nishi idan ya ɗauko ƙato da buhun masara. To ka ɗauki wannan ka kai shi inda ake gudun sama da kilomita 300 a awa, inda ake raba na ɗaya da na biyu da ɗan ɓurɓushin daƙiƙa. Mara nauyi ya fi saurin fizga idan an fito daga kwana, kuma ana fitowa daga kwana sau ɗaruruwa a tsere guda. Bai cika cin tayar baya ba, don haka a zagayen ƙarshe, lokacin da tayoyin wasu suka fara sulɓi, tasa tana nan da sauran rai. Ga shi kuma ƙaramin jiki ya fi ɓuya a bayan gilashi, iska ba ta samun inda za ta tokare shi. Dogaye irin su Scott Redding na Ingila sun daɗe suna kuka a kan wannan, ana ganin kamar ƙorafin wanda aka ci ne kawai. Alhali a ƙananan ajujuwan gasar Grand Prix an daɗe ana auna babur da mahayi a haɗe: kilo 152 a Moto3, kilo 217 a Moto2.

Sai ga kakar 2024 ta zo, kai, Allah ya yi wa wannan shekara albarka! Tun tashin farko a Phillip Island ta Ostareliya aka ga alama. Nicolo Bulega, sabon shiga, abokin aikin Bautista a Ducati, ya ci tserensa na farko a gasar. Washegari Alex Lowes ya kwashe biyu a kan Kawasaki. Aka zo Basalona a watan Maris, inda Toprak, wanda ya bar Yamaha ya koma BMW kowa na cewa ya haƙa wa kansa rami, ya nuna mana abin da ban taɓa zaton gani ba. A tsere na farko Bulega ya yi nisa, ya ba da tazarar daƙiƙoƙi. Toprak bai yi gaggawa ba, ya lallaɓa tayarsa kamar mai riƙon ƙwai, yana matsowa kaɗan kaɗan, har ya kama shi a zagayen ƙarshe ya wuce. Washegari da safe, a gajeren tseren nan mai zagaye 10, ya jira Bautista har kwanar ƙarshe, wurin da hankali ya ce ba a wucewa, wurin da Valentino Rossi ya wuce Jorge Lorenzo a 2009, ya cusa babur ta ciki ya ci. Na miƙe tsaye ban san na miƙe ba. Da yamma kuma Bautista ya rama, ya ci tsere na biyu da kayan nauyinsa a jikin babur. Abin da muke nema ke nan tun da daɗewa, a buga a rama.

Daga Assen ta ƙasar Holan Toprak ya buɗe wuta. Ya ci tseren ƙarshe a can, ya share uku a Misano, uku a Donington, uku a Most, ya koma Portimao, filin da aka ba shi haushi a 2023, ya share uku. Tsere 13 a jere, abin da ba a taɓa yi ba a tarihin gasar. Na san za a ce to ai an gudu ba a tsira ba, an cire sarki an naɗa sarki. Ba ɗaya ba ne. Ka dubi sauran masu hawa BMW M 1000 RR a shekarar, ba su kusa da shi ba. Hannunsa ne, birkinsa ne, ɗan Arif mai wasan taya ɗaya ne, almajirin Kenan Sofuoglu ne wanda ya gaji lambarsa 54. Kuma a cikin wannan kakar mutum takwas ne suka ɗanɗana nasara. Nicholas Spinelli, wanda aka kira ya riƙe wa wani babur na mako guda, ya ci a Assen ranar da ruwan sama ya rikita kowa. Michael van der Mark ya ci a Magny-Cours. Danilo Petrucci, ƙaton mutum mai faɗin ƙirji, ya kwashe ukun Cremona a gaban 'yan ƙasarsa. Andrea Iannone, bayan shekara huɗu a dakace, ya ci a Aragon. Kowane ƙarshen mako da labarinsa.

Sannan ga tashin hankalin Satumba. Toprak ya faɗi a wajen gwaji a Magny-Cours ta Faransa, ya bugi katangar kariya, huhunsa ya taɓu, ya rasa tsere shida cur. Muka riƙa lissafin maki kamar masu jiran sakamakon jarrabawa, Bulega yana matsowa. Ya dawo a Aragon da sauran ciwo a jikinsa. A Estoril Bulega ya ci shi da daƙiƙa 0.003, sai da hoto ya raba su. A Jerez, a watan Oktoba, ya ɗauki kambun, na biyu gare shi bayan na 2021, na farko kuma ga kamfanin BMW a wannan gasa.

Bautista ya ƙare na uku da nasara huɗu, kuma bai ɓoye ɓacin ransa ba. Hujjarsa tana da ƙarfi, ba zan raina ta ba. Nauyin jikin mutum yana motsi: mahayi zai zame gefe a kwana, ya ja baya wajen birki, ya danna gaba wajen fita. Ƙarfen da aka ɗaura a babur kuwa mataccen nauyi ne, yana nan inda aka sa shi, kuma mai ƙaramin ƙarfi ne zai yi ta kokawa da shi daga hagu zuwa dama. Ya ce hakan na sa babur wuyar tsayarwa, kuma idan an faɗi ya fi yin nisa. Ina jin tausayinsa da gaske, musamman da yake ya shigo kakar da raunin wuya da ya samu a gwajin ƙarshen 2023. Mutum mai shekara 39 a lokacin, yana ɗauke da ƙarin kaya, yana ba yara wuya a Aragon har ya ci biyu, ai wannan ya ƙara masa girma a idona fiye da nasarorin 27 ɗin can. Amma dogo ba shi da yadda zai rage tsawonsa, kuma mahayan da ke hana kansu abinci don su sauke kilo biyu su ma suna cikin haɗari. Tsakanin a ɗaura wa babur ƙarfe da a sa mutum ya riƙa ƙwarar cikinsa, ni na zaɓi ƙarfen.

Ba nauyi kaɗai aka taɓa ba, a faɗi gaskiya. An rage tankin mai daga lita 24 zuwa 21 a shekarar, BMW kuma ta samu sassaucin da ake ba kamfanonin da ke baya, wanda ya ba ta damar amfani da gangar jikin babur ta musamman. A 2025 aka janye mata wannan, aka kuma fara ƙayyade yawan man da inji ke zuƙa. Toprak ya sake cin kambun duk da haka, bayan sun kai ruwa rana da Bulega har zagayen gasa na ƙarshe a Jerez. Bulega ɗin nan a kan Ducati iri ɗaya da ta Bautista yake, wanda ya nuna dokar ba ta karya jan babur ba ko kaɗan.

Yanzu Toprak ya tafi MotoGP a 2026, ƙarƙashin ƙungiyar Pramac a kan Yamaha. A can babur kaɗai ake aunawa, kilo 157, mahayi kuwa ko ɗan tsako ne ko ingarma babu mai tambaya. Zai shiga cikin gajerun Sifaniyawa da Italiyawa da tsawonsa da nauyinsa, babu rabin giɓin da za a cike masa, sai birkin nan nasa. Na riga na gaya wa abokina bakanike ya cika batirin wayarsa, ya kuma ajiye mini wurina a bakin benci, kusa da ƙofa inda intanet ya fi kamawa.