Gwanin da Hoto Ba Ya Ɓace Masa

Kowa na yabon mai ɗaukar hoto idan aikinsa ya fito ras. Ba a cika lura da ɗaya gwanintar ba: a zo masa bayan shekara takwas a ce, "Don Allah hoton kakarmu muke nema, na ranar kamun Yaya," kafin baƙo ya gyara zama ya fito da shi a kwamfuta. Masu iya wannan ba su da yawa, kuma ni a wurina sun fi mai tsadar kyamara daraja.

Aikinsu yana farawa tun daga suna. Kyamara tana lissafa hotuna ne daga 0001 zuwa 9999, sannan ta koma farko, don haka mai zuwa bukukuwa yakan tara hotuna daban-daban masu suna ɗaya, wani ya hau kan wani ya shafe shi. Gwani da ya zare katin mimori sai ya sauya sunayen gaba ɗaya: shekara, wata, rana, gari, sha'ani. Shekara ce a gaba, domin kwamfuta ta jera su da kanta bisa tsarin lokaci.

Wajen zaɓen manhaja kuwa, yawancinmu kyan fuska muke dubawa da sauri. Shi tambayarsa ɗaya ce: abin da na rubuta game da hoto, a ina take ajiye shi? Kowane hoto yana ɗauke da bayanai a cikinsa. Akwai EXIF, tsarin da aka fito da shi a Japan a 1995, inda kyamara ke rubuta rana da lokaci da irin saitin da aka yi. Akwai IPTC na ƴan jarida, wurin sa sunan mai hoto da wuri da bayanin waɗanda ke ciki. Sai XMP da Adobe ya kawo a 2001. Wata manhajar tana rubuta aikinka a waɗannan gurabe, ko a wani ɗan fayil da ke rakiyar hoton. Wata kuwa a kundinta kaɗai take ɓoyewa. Ta farkon kamar sunan da ake rubutawa a jikin buhun hatsi ne, ko an sauya mota sau uku an san mai shi.

Tsoron kada manhaja ta tafi da aikinka ba na banza ba ne. Google ya sayi Picasa a 2004, jama'a suka saba da ita, a 2016 ya daina kula da ita. Apple ya sanar da dakatar da Aperture a 2014. Lightroom da ta fito a 2007 tana nan da ƙarfinta, amma tun 2017 sabbin nau'o'inta sai da biyan kuɗi wata-wata ko shekara-shekara, wanda kuwa ke samun naira ya biya da dala ya san zafin haka. Google Photos ma ta rufe ajiya kyauta marar iyaka a ranar 1 ga Yuni, 2021. Wanda bayanansa ke jikin hotunansa tattara kayansa kawai ya yi ya koma wata.

Shi ya sa gwani ba ya yarda da talla, gwaji yake yi. Ya ware hotuna hamsin, ya sa musu sunayen mutane da tauraro, ya rufe manhajar, ya buɗe su a wata daban. In sunayen sun biyo su, to an dace. Ya kuma san cewa a Lightroom da digiKam duka sai ka shiga saiti da hannunka ka kunna rubutawa cikin hoton, in ba haka ba a kundi ake bari.

Abin da ya fi burge ni shi ne maganar agogo. A babban biki ana iya samun masu kyamara biyu, ɗaya a wajen ɗaurin aure, ɗaya a cikin gida wurin mata. In agogon ɗaya ya yi gaba da awa guda, da an haɗa hotunan sai ka ga amarya ta isa ɗakinta kafin ta yi sallama da iyayenta. Gwanaye tun kafin a fara sukan ɗauki hoton fuskar waya ɗaya da kyamarorin biyu, don a san tazarar. Daga baya sai ExifTool, ƴar manhajar da Phil Harvey na Kanada ya fitar a 2003, ta gyara lokacin hotuna dubu da layi ɗaya na umarni. Ba ta da ado ko kaɗan, rubutu ne zalla, amma a fagenta ba ta da na biyu.

Gane fuska kam manhaja ta iya, digiKam tana yi ba tare da intanet ba. Sai dai ba ta san cewa wannan dattijuwar gwaggon ango ce ba, sai an gaya mata. Nan haƙuri ke shigowa: a zauna da ƴan gida a tambayi cikakken suna, a kuma tsaya kan rubutu iri ɗaya, domin wanda ya sa "ɗaurin aure" yau, gobe "daurin aure", rabin hotunansa ne za su amsa kira.

Ajiya kuma dokar da mai ɗaukar hoto Peter Krogh ya yaɗa ta wadatar: kwafi uku, a ma'adani iri biyu, ɗaya a wajen gida. WhatsApp ba ma'ajiya ba ce, tana matse hoto ta kankare bayanansa, sai fa in an tura shi a matsayin fayil.

Mai farawa da ba ya son kashe ko sisi ya ɗauki digiKam: kyauta ce, tana aiki a Windows da Mac da Linux. Kafin ka sa sunan mutum ko ɗaya, shiga saiti ka kunna rubuta bayanai cikin hoto.