Wa ke da izinin sani? Sharhi a kan karatun da ake yi wa Kitabul Farƙ

Tun da Mervyn Hiskett ya buga matanin Kitabul Farƙ na Shehu Usman ɗan Fodiyo tare da fassarar Ingilishi a 1960, littafin ya zama ƙofar da ɗalibanmu da yawa ke bi su shiga tarihin sarautun Hausa na kafin jihadi. Manufar wannan ƴar maƙala ita ce ta nuna cewa ana yi wa littafin karatun da bai dace da shi ba, kuma tarihin ƙasar Maraɗi ne ya fi cutuwa da hakan.

Abin da littafin ya ƙunsa sananne ne. Shehu ya jera ɗabi'un gwamnatocin da ya kira na kafirai, ya ambaci jangali da kuɗin gari da gaisuwa da sunayensu na Hausa, sannan ya kawo tsarin da ya ce shi ne na Musulunci. Saboda waɗannan sunaye, mai karatu yakan zaci rahoto ne na wanda ya zaga fadoji yana rubuta abin da ya gani, alhali kuwa hujja ce ta mai jayayya. Muhammadu al-Kanemi na Borno ya ƙi amincewa da irin wannan hujja tun a lokacin, domin a wasiƙunsa da Muhammadu Bello ya kawo cikin Infaƙul Maisur (1812) ya tsaya a kan cewa saɓo ba ya mayar da Musulmi kafiri.

Don a gane zurfin jayayyar, yana da amfani mu leƙa Ingila ta ƙarni na 17. A cikin Leviathan (1651), Thomas Hobbes, wanda ya ga yaƙin basasar ƙasarsa, ya ɗora wa mai mulki shi kaɗai ikon yanke abin da za a koyar da jama'a, don a ganinsa rabuwar kan malamai ita ke haifar da rabuwar ƙasa. Robert Boyle kuma ya nemi a bar wa taron masana su shaida sakamakon gwaji da idanunsu. Shapin da Schaffer, a littafinsu na 1985 (an fassara shi zuwa Faransanci a 1993), sun nuna cewa gardamar mutanen biyu a kan na'urar zuƙe iska gardama ce a kan wanda ke da izinin ya ce abu kaza gaskiya ne.

A ganinmu wannan tambaya ce ke ƙarƙashin rikicin 1804 a Gobir. Ba a ilimin hisabi da taurari da hatimi aka saɓa ba. Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan mahaifin masanin tarihi al-Jabarti, ya yi suna ne da rubutu a kan hatimai da sirrin haruffa, kuma malami ne cikakke. Jagororin jihadi ma ba su yar da wannan gado ba: Bello ya yi rubuce-rubuce a kan magani, jikan Shehu Abdulƙadir ɗan Tafa ya shiga falsafa, Shehu da kansa ya ba da labarin ganinsa da Abdulƙadir Jilani. Abin da suka ƙi shi ne sarki ya riƙa karɓar shawarar ɓoye daga bakin da ba shi da ijaza. Wato sun mayar da izinin sani gida ɗaya, gidan malamai, suka sa takobi a ƙarƙashinsa. Hobbes ya so gida ɗaya shi ma, sai dai shi fada ya zaɓa.

To, bayan faɗuwar Katsina a 1807 da ta Alƙalawa a 1808, da kuma yaƙin Gawakuke na 1836, Katsinawa a Maraɗi da Gobirawa a Tsibiri sun sake gina sarauta a kan wata amsa dabam. Sarki Musulmi ne, yana da limami da alƙali; amma Inna a Tsibiri, da Iya a Maraɗi, suna riƙe da sha'anin bori, Anna suna riƙe da alƙawarin ƙasa da noma, masu zaɓen sarki kuma suna da tasu murya. Guy Nicolas ya bayyana wannan tsari filla-filla a littafinsa na 1975. Mutanen da suka yi shekaru suna yaƙi da Sakkwato sun san hujjarta sarai. Riƙe Inna a fada bayan 1836 zaɓi ne na siyasa, kiransa "ragowar maguzanci" kuwa ɗaukar hukuncin ɓangare ɗaya ne a matsayin sakamakon bincike.

Illar tana bayyana a wajen aikin tattara bayanai. Ɗalibi ya je Gazawa ko Agye ko Gidan Rumji da takardar tambayoyi mai gida biyu, "Musulunci" da "gargajiya", bai sani ba daga Kitabul Farƙ ya ari gidajen. Dattijon da ke sallar asuba a jam'i, ya karɓi rubutun sha wurin malam, ya kuma san ranar da ba a shiga gona, sai an yanka shi biyu kafin ya shiga takardar.

Kwatancin da Ingila yana da iyaka. Hobbes ya bar littafi, Sakkwato ta bar ɗaruruwa. Hujjar Tsibiri tana cikin kirari, da jerin zaman fada, da wanda ake gaidawa kafin wani ranar naɗi, kuma waɗannan ba a karanta su da ƙa'idojin da muka koya wajen nazarin matanin Larabci.