Jitar Abzin da ta bi ta Sakkwato

Da wuya ka shiga shagon masu tura waƙa a Arkilla ka ambaci Mdou Moctar a gane wanda kake nufi. Alhali a nan Sakkwato ya naɗi faifansa na farko, Anar, a shekarar 2008, yana saurayin da ya gangaro daga jihar Tawa a Nijar. Yau mujallun kiɗa na Amurka da Turai suna lissafa shi cikin gwanayen jitar lantarki na wannan zamani, garin da ya ba shi situdiyo kuwa bai san an yi ba.

Turawa suna kiran irin wannan kiɗa hard rock, wato kiɗan da ake ƙure wa jita lantarki har muryarta ta dushe ta yi kaushi, ganguna na dukan ƙirji. Amma tushen na Mdou ba Landan ba ne. Daga kiɗan assouf na Abzinawa ya fito, wanda samarin da fari da rashin aiki suka kora Libiya da Aljeriya suka ƙago wajen 1980. Tinariwen na Mali su ne iyayen gidan, a Nijar kuma marigayi Abdallah Oumbadougou, wanda ganin wasansa ne ya sa Mdou ya harhaɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke, a gidan da ba a ƙaunar kiɗa. Waɗancan dattawa tafiyar hawainiya suke yi, cike da kewa. Mdou, wanda bahago ne, ya ɗauki wannan zubi ya cinna masa wuta.

Matsalar mai son tallata kiɗan Mdou ga Bahaushe ita ce kunnenmu magana yake bi. Mun tashi da Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Ɗan Anace, inda kiɗa ke rakiya, baiti ke sarauta. Mdou da Tamashek yake waƙa, kuma sau da yawa yakan yi shiru ya bar jita ta yi ta ɓaɓatu minti biyu ko uku. Wanda aka fara jefa wa wannan zai ce hayaniya ce, kuma ba laifinsa ba ne, laifin mai gabatarwa ne da ya fara da inda ya kamata ya ƙare.

A ganina da Anar ake farawa. Duk wanda ya yi zamani da waƙoƙin finafinan Hausa na waɗannan shekaru zai ji kamar a gida yake: gangar na'ura, da muryar da kwamfuta ta lanƙwasa irin ta 'yan nanaye. Ta memori da Bluetooth waƙoƙin suka bazu daga waya zuwa waya har arewacin Mali, inda wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya tsinci "Tahoultine" ya sa ta a kundin Music from Saharan Cellphones a 2011, sannan ya shiga cigiyar mai ita. Shi ne kuma ya shirya fim ɗin Akounak Tedalat Taha Tazoughai na 2015 a Agadas, Mdou yana jarumi. Fim ne mai daɗin kallo, amma ba dole ba ne ga sabon shiga.

Daga nan sai a tsallaka zuwa Afrique Victime na 2021, wanda kamfanin Matador ya fitar. A nan ƙungiyar Mdou mutum huɗu ce: shi kansa, Ahmoudou Madassane a jita ta biyu, Souleymane Ibrahim a ganguna, da Mikey Coltun ɗan Amurka a jitar bes. A fara da "Tala Tannam" mai sanyi, a bi da "Chismiten", a ajiye waƙar da ta ba faifan suna, mai tsawon sama da minti bakwai, sai kunne ya saba. Abin da ya cancanci a kasa masa kunne, ko da yake masu sharhi kan manta da shi, shi ne mai ganga. Souleymane ba ya tsayawa kan gudu ɗaya. A hankali yake ƙara sauri yadda makaɗan biki ke yi idan fili ya ɗauki zafi, domin a bukukuwan aure na Agadas wannan salo ya nuna, inda ƙungiyoyi irin su Etran de L'Aïr ke kwana suna kaɗawa. Yatsun Mdou kuma, duk da ana yawan danganta su da Eddie Van Halen, sun fi kusa da mai goge da ke zagaya sauti kaɗan yana yi musu ado.

Funeral for Justice na 2024 ya fi duka zafi, a kiɗa da a magana. Akwai tuhumar Faransa kan abin da ta kwasa, ga yuraniyom ɗin Arlit da ya daɗe yana haska wata ƙasa alhali ƙauyukan Nijar na cikin duhu, akwai kuma "Imouhar" da ke kira ga Abzinawa kada su saki harshensu. An gama naɗar faifan kafin juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, wanda ya riski mawaƙan suna rangadi a Amurka, suka kasa komawa gida na ɗan lokaci. A wannan zaman jira suka sake naɗar waƙoƙin da jitar katako, aka fitar a 2025 da sunan Tears of Injustice. Wanda ƙarar lantarki ta yi wa yawa, wannan ne nasa. Tafinta kuwa ba ta da nisa: maigadi ko mai shayi Ba'abzine a bakin titin Arkilla zai iya fassara maka baitocin kafin butarsa ta tafasa karo na biyu.