Jinjina ga masu ɗaure ƙarfe a kan faifai

Kafin injin sassaƙar ƙarfe ya taɓa komai, gwani ya riga ya ci rabin aikin wajen ɗauri. Zai share faifai mai juyawa tas, don ɓurɓushin ƙarfe ɗaya a ƙarƙashi ya isa ya karkatar da aiki. Sai ya kafa agogon awo, yana juya faifan a hankali, yana ɗan bubbuga ƙarfen da gudumar roba har allurar ta daina rawa. Daga nan ne zai matse notuna, ɗaya bayan ɗaya, ba da ƙarfin tuwo ba.

Yawancin faifan nan sai an murɗa hannunsa sau 90 yake zagayawa sau ɗaya, wato kowace murɗa digiri 4. In ana son ramuka 6 a da'ira, murɗa 15 ke tsakanin rami da rami. Kuma gwani ba ya komawa baya, saboda ya san akwai ɗan sako-sako a haƙoran ciki. In ya zarce, sai ya ja baya sosai ya sake tahowa.

Wannan haƙurin nake yaba wa, domin shi ke sa giyar injin niƙa ta zauna daram ranar da aka ɗaura ta.