Jan ɓawon gyaɗa ya shiga kwalbar man shafawa

Duk matar da ta taɓa yin ƙuli-ƙuli ta san shi. A soya gyaɗa, a murza, a bakace a faifai, jan ɓawon nan mai laushi ya tashi ya bi iska, abin da ya faɗo ƙasa akuya ta lashe. Yanzu ga shi a jikin kwalaben man fuska na ƙasashen waje, an rubuta shi da sunan Latin, Arachis hypogaea, ana cewa yana rage tamoji da duhun fata.

Maganar tana da tushe. Ɓawon bai fi kusan kashi 3 cikin 100 na nauyin ƙwayar ba, amma shi ya kwashe baurin gyaɗa, kuma baurin nan sinadarai ne dangin waɗanda ke cikin 'ya'yan inabi da ganyen shayi. Dangin tanin ne, irin wanda majema ke samu a bagaruwa. A ɗakin gwaji an ga suna hana iskar oksijin lalata ƙwayoyin halitta. 'Yan Sin kuwa sun daɗe suna dafa shi a maganin gargajiya don ƙarin jini.

Sai dai ɗakin gwaji daban, fuskar amarya daban. Abin da ya yi aiki a kwano ba dole ne ya ratsa fata ba, kuma kwalba ba kasafai take faɗin nawa aka zuba ba. Sau da yawa sunan yana can ƙarshen jerin sinadarai, inda ake ajiye abin da aka ɗiga don talla.

Akwai kuma abin da masu tallar ba su cika ambata ba. A 2003, binciken Gideon Lack da abokansa kan yaran yankin Bristol a Ingila ya danganta shafa wa jarirai masu ƙurajen fata man shafawa mai ɗauke da man gyaɗa da yadda jikinsu ya zo ya ƙi gyaɗa daga baya, cutar da kan kai ga kumburin maƙogwaro. Man gyaɗa aka duba, ba ɓawon ba, amma ɓawon ma yana iya riƙe ɓurɓushin furotin ɗin. Uwa mai goyo ta ajiye man shafawa mai ɓawon gyaɗa nesa da jaririnta.

Najeriya na cikin manyan masu noman gyaɗa a duniya, bayan Sin da Indiya. A kasuwar Dawanau ana cinikin gyaɗa buhu-buhu, ɓawon kuma har yanzu rabon dabbobi ne.